Gusau Zuwa Kaduna, Minti Arba'in

Jirgin na ɗagawa daga Gusau, Jatau ya damƙe hannun kujera kamar zai ɓalle shi. Bai taɓa shiga jirgin sama ba. Dattijuwar da ke gefensa, Hajiya Delu mai sayar da atamfa, ta yi dariya ta ce ya saki jikinsa. Ta duba a waya, kilomita ɗari da tamanin ne zuwa Kaduna, kafin minti arba'in sun sauka.

Ƙaramin jirgi ne, bai yi sama can ba. Tsafe ta wuce ta ƙarƙashinsu kamar an shanya gero a tabarma, daga nan sai daji. Jatau ya manna goshi da gilashi.

"Abin da muka ci yanzun nan," in ji shi, "yini ne cur a ƙafa. In da tsofaffi, ya fi."

Dariyar Hajiya ta ɗauke. Ta dubi tabon da ya tsaga masa kunci, ta gane ya san dajin nan ta ciki.

Tana tambaya yana nunawa da yatsa. Ga rafin da aka hana mutanen da aka sato sha. Ga faƙon da aka ɗaure su bibbiyu da igiyar shanu, kacar babur tana cin bayan duk wanda ya ja ƙafa. Dugadugai sun tsattsage, jini na bin sawu. A gindin wancan dutsen aka fasa wa wani direba kai don ya roƙi a huta.

Ta ce bara da kaka aka tare ƙaninta Usman wajen Kucheri. Dogo ne, mai ciwon suga, yana ɗingishi. Ba gawa, ba labari. Matarsa Ma'u har yau ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba.

Jatau ya tuna shi sarai. Ya ce sau biyu yana zubewa ana tashinsa da duka. A na uku aka harbe shi a ƙirji.

"Ya samu yin shahada?"

"Ya yi, Hajiya. Ba wanda ya kai ni kusa da shi."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta a hankali. Da ta lafa, ta ce yau Ma'u za ta san matsayinta, Allah ya saka masa da alheri. Ta cika masa tafi da dabino.

Rufin kwanon Kaduna ya fara ƙyalli a ƙasa.

"Kai kuma, ɗana, yaya ƙafarka ta kai ka?"

Jatau ya tauna dabino ya ce Allah ne ya sauƙaƙa masa. Bai yi ƙarya ba. Ko taku ɗaya bai yi a tafiyar ba: a kan babur ya biyo su a baya, bakin bindigarsa bai gama hucewa ba.