Sunan Mai Lamba Tara

"Mai lamba tara ya sake jefawa!" Alhaji Sabo, shugaban ƙungiyar ƙwallon kwandon Bebeji, ya buga hularsa da ƙasa. Saura minti biyu, ƙungiyar Kiru ta ba su ratar maki goma sha huɗu.

Ya juyo kan kocinsu Hamidu, Bafulatanin garin Ƙofa. "Kai ka ce mu bar wa Kiru zaɓenmu na farko cikin masu gama sakandare, su ba mu Ɗanjuma. Ga Ɗanjuman naka nan a benci, gwiwa ta kumbura. Dubi wanda suka ɗauka da zaɓen namu! Har Doguwa ka je neman 'yan wasa, yaya aka yi wannan ya wuce ka?"

Hamidu ya sunkuyar da kai.

"Mai lamba taran nan, wai ma yaya sunansa?"

Hamidu ya kawar da kai gefe.

"Magana nake maka!"

Ɗanjuma ya numfasa, yana matsa gwiwarsa. "Ranka ya daɗe, ba zai iya faɗa ba. Ɗan farinsa ne. Shekara goma sha tara suna gida ɗaya, kunya ba ta taɓa barinsa ya ɗaga ido ya ga tsawon yaron ba."