Direba Ya Ɓata a Tsakiyar Falonsa

Shekara talatin Direba yana kan titi, kuma kullum bakinsa ba ya rabo da cika: bai taɓa tambayar kowa hanya ba.

Ran nan sai 'yarsa mai zanen gine-gine ta zo da wani tabarau mai rufe ido ruf. In ka sa, sai ka gan ka cikin sabon gidan da za su koma, alhali ko rufi ba a yi masa ba. Ɗaki ɗaya ne mai baranda, kuma shi da mahaifiyarsa kowa ya ƙwallafa rai a kansa.

"Wanda ya gano ɗakin ya dawo bakin ƙofa, nasa ne," in ji 'yar. "Amma da maɓallin hannu ake tafiya, ba da ƙafa ba."

Direba ya tuntsire da dariya. "Inna da ke ɓata tsakanin kicin da bayi?"

Tsohuwa ta adana maganar, ta sa tabarau. Ta tuɓe takalmi, ta tsaya kan tabarma don tafin ƙafarta ya riƙa gaya mata iyakarta.

"Jar ƙofa a bayana. Taga a dama. Ga matattakala, na wuce ki." Haka ta yi ta kiran alamu har ta je ta dawo.

Direba ya warce tabarau.

"Baba, hau tabarma, ka riƙe alama," in ji 'yar.

"Ni za ki koya wa hanya?"

Ya afka da takalminsa. Lunguna duk farare, ƙofofi kamar tagwaye. Ya juya nan, ya juya can, har jiri ya fara ɗibarsa. Can ya hango baranda. Murna ta sa ya manta da maɓalli, ya zabura da ƙafa.

Gwaram! Ƙofar kicin ta gaske ce ta tarbe shi. Haƙorin gaba ya yi nasa wuri.

Da aka ga jinin ya tsaya, gida ya kaure da dariya, har da shi.

"Sannu, ɗan nan," in ji Inna tana miƙa masa ruwa. "Tsakanin kicin da ina ka ce nake ɓata?"

Yau Inna ce ke shan iska a baranda. Shi kuwa da giɓinsa yake tambayar hanya.

Jama'a, in ido ya tafi wata duniya, ƙafa tana nan gida. Ku riƙe alamar inda kuka shigo, ku ji shawara. Girman kai ba ya nuna hanya.