Tunau Mai Riƙon Igiya

Kai da ka ishe ni da ƙorafi, wai tunda 'yarka na Hausa a gida tana wani yare a makaranta hankalinta zai rabu biyu, gyara zama in ba ka misali. In ka ga dama ka ɗauka.

A wani ƙauye can arewa, inda gonakin Hausawa suka yi iyaka da makiyayar Buzaye, an yi wasu 'yan'uwa biyu masu yasar rijiya, ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa. Babban, Arzika, shi ke shiga. Ƙanen, Tunau, shi ke riƙe igiyar da ke ɗaure a ƙugun wansa. Rijiyoyin can kuwa ba a cewa komai, gaba talatin har da ɗoriya, na ƙasa ko ihu ya yi sai dai a ji gunji. Don haka da igiya suke magana: ja ɗaya, a janye guga, ja uku, zafin ƙasa ya toshe mini numfashi, ku fito da ni yanzu-yanzu. Uwar Tunau Buzuwa ce, ya tashi da Hausa da Buzanci duk a bakinsa, tun yana ƙarami ya saba danne ɗaya in ɗayan na aiki. Wannan sabon ne ya yi masa rana a bakin rijiya. Mata na hayaniya da Hausa, makiyaya na musu da Buzanci, ba abin da ba ya fahimta, amma da ya kama igiya sai ya rufe su duka, kunnensa ya koma tafin hannunsa. Shekara goma sha tara suna aikin nan, ko ƙwarzane Arzika bai taɓa yi ba.

Ran nan da hantsi, Arzika na can ƙasa yana kwasar laka, sai raƙumin wani Buzu ya faɗa gonar wake. Mai gona ya biyo shi har bakin rijiya, dangi suka taru ta kowane ɓangare, wannan ya ɗaga gora, wancan ya dafa takobi. Kowa na zuba, ba mai jin wani. Mai gari ya iso yana haki, ya duba, duk taron nan mutum ɗaya ne ke jin bakin kowa. Sai ya ce Tunau ya yi tafinta.

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, Yaya na ƙasa, hannuna na kan igiya."

Mai gari ya ce, "Da hannu ake tafinta? Baki muka ce ka ara mana. Ko sai ka ga jini a ƙasa?"

To, wa ya isa ya yi musu da mai gari? Tunau ya fara. Kai kuwa ka san tafintan faɗa ba kwasar magana yake ya zube ba. In mai gona ya zagi uwar mai raƙumi, sai Tunau ya haɗiye zagin, ya laluba ya samo "ya ce ransa ya ɓaci". In Buzu ya rantse zai sare wani, sai ya mayar da ita "ya ce a bi shi a hankali". Yana sauraren wannan, yana aunawa, yana sauya mata riga, ga wancan ya riga ya soma tasa. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ana cikin haka igiya ta motsa a hannunsa. Ya ji ta, wallahi ya ji ta, amma daidai lokacin takobi ya fito rabi daga kube, shi kuma yana neman kalmar da za ta mayar da shi. Ya ce a ransa bari in ƙarasa wannan. Ya ƙarasa, takobi ya koma, aka yi musafaha, har da masu dariya.

Sai a sannan ya tambayi kansa: ja ɗaya ne, ko uku? Ya girgiza igiya, shiru. Ya ƙwala kira, shiru. Mutanen da ya raba yanzun nan su suka kama masa aka jawo. Arzika ya fito da laka a gemu, hannunsa ɗaya na damƙe da igiyar, rai ya yi halinsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne zaman makoki. Mai gonar nan, wanda ba don Tunau ba da gawarsa aka ɗauka, shi ya fara cewa, "Ai dama mai harshe biyu hankalinsa biyu ne." Mai gari ya gyaɗa kai, ko kunya babu. Hausawa suka ce jinin Buzaye ne, Buzaye suka ce halin Hausawa ne. Ba wanda ya tuna shekara goma sha tara, ba wanda ya tuna wa ya ce a ara masa baki. Kwana uku ruwan rijiya ya kwanta, duka suka ci gaba da sha. Tunau bai ƙara taɓa igiya ba, kuma ko faɗan kaji ake a gabansa ba ya tanka wa kowa, da Hausa ko da Buzanci.

Saboda haka ka ƙyale yarinya ta ji yarenta biyu, Tunau ya ɗauki nasa shekara da shekaru ba su taɓa yi masa nauyi ba. Abin da za ka tsare mata shi ne ranar da za a damƙa mata igiya kuma a ce ta ara baki. Hausawa sun gama magana: taura biyu ba ta taunuwa.