Mai Dukan Saiti

Tunda ka ce kayan aikinka ne suka cuce ka, zauna ka ji misalin wani ma'aikacin tsaro. Mutumin nan ya daɗe yana rataye da ƙaramar bindiga a ƙugu, kuma a wajen aikinsu ƙa'ida ce duk shekara a fita fili a gwada harbi. Wanda ya kasa saka harsashi a baƙin da ke tsakiyar allo, sai a karɓe bindigar a sallame shi. Shi kuwa da can ko ƙwallon giginya aka ɗora masa a kan kututture sai ya fasa shi. Ana nan wata rana wani lalataccen harsashi ya fashe masa a cikin bindiga, wuta ta lashe masa babban yatsa. Yatsa ya warke, ya manta da zancen. Amma tun daga ranar, duk harbin da ya yi sai ya faɗa ƙasa ta hagu. Gwaji na matsowa, ga iyali, ga tsufa ya fara leƙowa, tsoro ya kama shi ƙwarai. A ransa yana zargin idonsa ne ya fara mutuwa, amma a baki sai ya ce saiti ne ya goce.

Saitin bindiga ƙarfe biyu ne ƙanana: na baya mai tsaga, na gaba kamar haƙori a kan baki. Sai maharbi ya daidaita haƙorin a cikin tsagar sannan ya ja kunama. Ya san dokar gyara sarai: inda kake so harsashi ya koma, can kake tura saitin baya. Sai ya samo guntun tagulla da 'yar guduma, don tagulla ba ta yi wa ƙarfe tabo, ya dinga ƙwanƙwasa saitin zuwa dama. Ya harba, ya ƙwanƙwasa, ya harba, ya ƙwanƙwasa, har saitin ya leƙo waje kamar hular ɗan gaye. Yau abu ya yi kamar ya gyaru, gobe ya watse. Da ya gaji sai ya sayo magagari, ya ce zai rage tsawon haƙorin gaba don harbi ya tashi sama. Shi kuwa ƙarfe in an goge shi ba ya tsirowa, kuma lalata makamin aiki shi kaɗai ya isa kora. Allah ya sa ya biya ta wurin mai kula da makamansu neman wurin da zai danne bindigar. Tsohon abokin wasansa ne. Ya dubi saitin, ya dubi magagarin, ya ce, "Malam, wannan baiwar Allah me ta yi maka kake jibgarta haka?" Ya karɓa, ya sa ta a wani ƙarfe mai zare da ake murɗawa a hankali, ya mayar da saitin daidai kan zanen da ya zo da shi. Ya ɗora ta a kan buhun yashi ya harba, harsashi ya shige baƙi. Mutumin ya ce shi ke nan, ashe idon ne.

Abokin ya sake ɗaukar bindigar. Ya juya baya ya loda masa harsasai, ya cusa wani wanda ba albarushi a cikinsa ba tare da ya faɗa ba, ya miƙa masa. Mutumin ya yi ta harbi yana zubarwa ƙasa ta hagu. Da aka zo kan mataccen harsashin, kunama ta ce ƙas, ba ƙara ba hayaƙi, sai ga bakin bindiga ya sunkuya ƙasa shi kaɗai, a gaban idonsa. Ashe hannun ne bai manta da wutar nan ba, yana zabura tun kafin ƙara ta fito. Ya tsaya yana kallon hannunsa, can sai dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda aka sauke wa dutse daga ka. Idonsa lafiya lau, bindiga lafiya lau, kuma abin da ya rage abu ne mai gyaruwa. Ya yi ta hamdala. Daga nan kullum sai ya ɗora kwabo a kan bindiga babu harsashi, ya ja kunama a hankali, har ya kai kwabon ya daina faɗuwa. Ranar gwaji bai zo na ɗaya ba, amma ya koma gida da bindigarsa a ƙugu, magagarin kuma ya ba maƙwabcinsa yana wasa lauje da shi.

Kai ma kafin ka ɗauki guduma, fara duba hannun da zai riƙe ta. Irin wannan ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.