Kilo Ɗari da Hamsin a Kan Benci

Lif ɗin asibitin ya lalace, don haka da ƙafa ya hau. A hawa na farko ya tuna da Allah. A na biyu ya tuna da mutuwa. Yana kaiwa na uku ya zube a bencin masu jiran likita, bencin ya saki wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Sikelin gida ya ce kilo ɗari da arba'in da takwas, shi kuma ya ce ƙarya sikelin yake. Da ya hau na asibiti, sai aka ƙara masa biyu.

Takardar tana aljihun rigarsa, ninki huɗu, gumi ya jiƙa ta. Wata uku ke nan yana yawo da ita: takardar amincewa a yanke masa mafi yawan tumbinsa. Ta wani asibiti ce can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san fuskarsa. Matarsa ta cike komai da hannunta, har lambar wanda za a kira in abu ya ɓaci. Sa hannu kaɗai ya rage.

Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Abokinsa likitan zuciya ya duba sukarinsa da hawan jininsa, ya ce masa, ko wuƙa ko makara, ya zaɓa. Matar ta ce ta gaji da durƙusawa tana ɗaure wa ƙaton mutum igiyar takalmi. Autarsa kuwa, wadda ba ta gaji kunya ba, tambayarsa ta yi ko mutum nawa za a nemo su ɗaga shi ranar da ta Allah ta kasance.

Ba wai bai san aikin ba ne. Ƙaramin littafin bayanin da ke kan teburin jira ma ya haddace shi: huji biyar ƙanana, barci kaɗan, kwana biyu ka koma gida. Wanda ya rubuta wannan, ya raya a ransa, bai taɓa kwanciya rigingine ana wasa masa wuƙa ba. Shi ya san wani direba da ya shiga ɗakin tiyata yana ba kowa dariya, bai fito da ƙafarsa ba. Shekara shida ke nan, har yau yana tuna launin safar mutumin.

Wasu ma'aikatan jinya biyu suka zo wucewa suna hira. Suna hango shi suka yi tsit, suka ƙara sauri.

"Bawan Allah, kai ma yankan ka zo?"

Wata mata ce a ɗaya gefen bencin, faɗinta bai gaza nasa ba. Hannunta na cikin jaka, bakinta na motsi.

"Ina dai tunani," ya ce.

"Ni na gama nawa. Malamar makaranta ce ni. Kujera ta watse da ni a gaban yara arba'in, ranar da masu duba makarantu suka zo. Har yau in na shiga aji sai wani ɗan banza ya ce a riƙe bango."

"Ba kya jin tsoro?"

"Ina ji mana. Amma an ce likitan nan hannunsa da albarka. Shi ya yi wa ƙanwar mijina, yanzu in iska ta taso sai an riƙe ta."

"Kin taɓa ganinsa?"

"Yau ne farko. An dai ce ba ya wasa, in ya kama mutum da kayan zaƙi ya shiga uku." Ta zaro ragowar biskit ta miƙa masa. "Taimaka mini mu ɓatar da shaida."

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya taimaka mata.

"Na ji an ce wani ya taɓa mutuwa a hannunsa," ya ce a hankali.

"To a hannun wa ba a mutuwa? Kakata a hannun mai yi mata kitso ta cika, ba mu daina kitso ba. Shi likitan kana tsammanin daɗi ya ji? Ai da ya ajiye aikin saboda mutum ɗaya, da ƙanwar mijina tana ƙasa yanzu."

Ya sunkuyar da kai, ya kakkaɓe garin biskit daga rigarsa.

Ta hango gefen takardar, ta fizge ta kamar ta kama ɗalibi da satar amsa. Ta karanta, ta taɓe baki.

"Me zai kai ka can, ga gwani a nan?"

"Shi ba zai iya yi mini ba."

"Kai dai ka ce tsoro. Ƙato da kai, ko kunya!" Ta laluba jaka ta ciro jan biron da take maka wa yara sifili da shi. "Ungo. 'Ya'yanka nawa?"

"Huɗu."

"To sa hannu, kafin maƙwabci ya aurar maka da su."

Rabon da wani ya daka masa tsawa irin haka tun yana ɗalibi. Ya ɗora takardar a cinyarsa. Ya sa hannu.

"Ka ga ka mutu?" Ta karɓe bironta. "Yanzu saura wannan likitan da ya shanya mu tun safe. Manya ke nan, yana can yana shan iska."

Ƙofar ofishin ta buɗe. Babbar ma'aikaciyar jinya ta leƙo da fayil a hannu, ta dubi malamar, ta dube shi, ta ɗan rusuna.

"Likita, ashe nan kake! In ka huce ka shigo mu fara, malamar nan ce ta farko da za ka gani."