Ƙofar da Ke Amsa Sallama

Tun da aka kafa ƙofofi masu ji a benayen Kano, dokar haya ɗaya ce: ranar cikar wa'adi, in aka yi sallama a ofis, haya ta sabuntu.

Lantana ta daɗe tana haɗiyar yawu kan ofishin maƙwabcinta Sha'aibu mai taga da iska, nata kuwa kamar tanda. Yau wa'adinsa ya cika, shi yana Umara.

Zumuɗi ya hana ta jiran gobe, ranar da za ta iya kama ofishin. Ta je auna labule, ta tura ƙofa, bakinta ya riga ta: "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji ƙofar. "An sabunta wa Alhaji Sha'aibu, shekara goma."

Da yamma ya kira ta daga Makka: "Hajiya, Allah ya bar zumunci!"