Sunan da Ya Rage Mini

Tun rasuwar 'yata, kowa a Moshi bai daina kirana Maman Ndeshi ba, sai Elisante, abokin koyarwata. Ranar da ya zo neman aurena, ya tarar ina ninke kayan makarantarta.

"Eliaichi," ya ce, idonsa kan ɗan takalminta, "sunan nan fama miki ciwo yake. Ki aure ni, ki koma yadda kike da."

"Malam, ba na son komawa. Sunan kaɗai ta bar mini."

Ya daɗe yana juya kofin shayinsa.

"Maman Ndeshi," ya ce a hankali, "za ki aure ni?"

Na miƙa masa akwatin. "Riƙe, gidan marayu za mu kai. Takalmin kuwa zai bi ni gidanka."